Minti Biyu Ba Yawu: Tarihin Liƙe Tsagar Haƙoran Yara

Akwai haƙorin da ke shigowa bakin yaro ba sallama. Wajen shekara shida, lokacin da hankalin kowa a gida ke kan haƙoran gaba masu girgiza, ana yi wa yaro tsiyar giɓi don ya fara famfara, can ƙuryar baki turmin farko na dindindin yana huda dasashi a bayan haƙoran nono. Bai ture kowa ba kafin ya fito, shi ya sa iyaye da yawa suke ɗaukarsa ɗaya daga cikin masu faɗuwa, alhali shi ne zai yi wa mutum tauna har tsufa. Huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa. Samansu tudu ne da kwari, kuma a gindin kwarin akwai tsaga, wata ma ta fi silin buroshi guda ƙunci. Burbuɗin abinci da ƙwayoyin cuta suna shiga su zauna, buroshi ya bi ta kansu ya wuce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na kogunan da ke samun haƙoran yara a haƙoran baya suke. Maganin da ake yi yau ba ya buƙatar allura ko huda. A wanke saman turmin, a shafa masa ɗan asid, a ɗauraye, a busar, a zuba wani danƙo mai ruwa-ruwa ya kwarara cikin tsagar, a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. An saba ba da labarin wannan liƙi a matsayin nasarar masana sinadarai, kuma suna da kasonsu. Amma wanda ya bi tarihin a tsanake zai ga dabarar toshe tsaga ta girmi danƙon da shekara saba'in, abin da ya tsare ta duk wannan lokaci yawu ne, kuma har gobe abin da ke raba liƙin da zai shekara goma da wanda zai faɗi kafin hutun makaranta shi ne ko an iya tsare haƙorin a bushe na minti ɗaya zuwa biyu.

Rigimar likitocin haƙori da yawu ta daɗe kafin a fara tunanin yara. A tsakiyar ƙarni na 19 cikon da aka fi daraja shi ne na zinariya, wadda ake bugawa ta yi falle-falle kamar ɓawon albasa. A 1855 Robert Arthur na birnin Baltimore ya nuna cewa idan aka ɗan gasa fallen, aka danna shi bisa ɗan'uwansa, sai su haɗe su zama curi guda ba tare da an narkar da su ba. Sharaɗin kawai shi ne kada damshi ya taɓa su, ko da na hucin numfashi ne. Babban ciko yakan ci sa'o'i, a cikin bakin da ke fitar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi na yawu kowace rana, ta ƙofofin da ke ƙarƙashin harshe da kuma cikin kumatu daura da turamen sama. Da tsumma da soso da auduga ake ta fama, ana sa wannan ana cire wancan. A 1864 wani matashin likita a New York, Sanford Barnum, ya huda ƙaramin rami a fallen roba, ya zura haƙorin da yake aiki a kansa ta ramin, sai haƙorin ya tsaya shi kaɗai kamar tsibiri, harshe da yawu suna ƙarƙashin robar. Wannan ita ce madatsar roba, kuma har yau siffarta ba ta sake ba. Barnum bai yi mata rajistar mallaka ba, ya bar wa abokan sana'arsa kyauta, a zamanin da kamfanin da ke riƙe da lasisin robar yin haƙoran roba yake jan likitoci kotu a kan kuɗin izini, rigimar da ta kai har wani likita ya harbe ma'ajin kamfanin a San Francisco a 1879.

Zinariya dai ta masu hali ce. Cikon talaka shi ne amalgam, haɗin garin azurfa da kuza da zaiba, wanda ya fi zinariya haƙuri da ɗan damshi nesa ba kusa ba. Da ya yaɗu, likitoci da yawa suka ajiye madatsar a aljihun tebur. Sai dai amalgam ba ya manne wa haƙori ko kaɗan. Siffar ramin ce ke riƙe shi, kamar yadda masassaƙi ke fafe gurbi ya dace da ƙota. Daga nan ne tsarin G.V. Black ya taso, likitan jihar Illinois da ake ɗauka uban aikin ciko na zamani. Shekara guda bayan Willoughby Miller, Ba'amurken da ke bincike a Berlin a zamanin Robert Koch, ya bayyana a 1890 cewa ƙwayoyin cuta ne ke juya ragowar abinci zuwa asid mai cin haƙori, Black ya koyar da cewa idan za a cike kogo, a faɗaɗa ramin ya haɗa da duk tsagar da ke kusa, don kada ruɓa ta sake samun maɓoya. Dabara ce mai ma'ana ga wanda ba shi da abin liƙi. Amma tun a lokacin akwai waɗanda suka ga cewa toshe tsaga ya fi fafe ta. A 1895 wani likita mai suna Wilson ya rubuta cewa yana cusa simintin haƙori a tsagar turame don rigakafi. Tunaninsa daidai yake da na yau. Simintin ne ba ya jure zama cikin ruwa, yakan narke ko ya ɓantare. Wasu suka koma ga kashe ƙwayoyin da magani. Percy Howe na asibitin haƙoran yara na Forsyth a Boston ya fito da ruwan azurfa a 1917, aka yi ta shafa wa yara shi haƙora na baƙi, har Klein da Knutson suka gwada shi a 1942 suka ga bai hana sabuwar ruɓa ba.

A wannan yanayi ne Thaddeus Hyatt, shugaban sashen haƙori na kamfanin inshora na Metropolitan Life a New York, ya kawo shawararsa a 1923: tunda tsagar turmi kusan tabbas za ta ruɓe, a huda ta tun tana lafiya a cike da amalgam. A 1929 Charles Bodecker ya kawo mai ɗan sauƙi, a goge tsagar da inji ta buɗe yadda abinci ba zai maƙale ba. Littattafan yanzu sukan ambaci Hyatt da ɗan murmushi, kamar mutumin da ya rushe katanga don kada ɓarawo ya haura. A ganina ba a yi masa adalci ba. Mutum ne da bakunan ma'aikata masu ɗimbin yawa suka bi ta gabansa, ya ga inda ruɓa ke farawa, kuma lissafinsa cewa ƙaramin rami yau ya fi babban kogo gobe ba shirme ba ne a zamanin da ba fuloraid. Abin da lissafin bai ɗauka ba shi ne ciko ba ya zama har abada, kuma duk lokacin da aka sake shi ramin yakan ƙara faɗi, har wata rana a wayi gari ba sauran haƙorin da za a cike. Huda lafiyayyen haƙori shi ne farashin da aka biya saboda babu abin da ke iya kama jiƙaƙƙen haƙori ya zauna.

Fuloraid ya zo ya rage ruɓa, amma ya bar tsaga a inda take. Birnin Grand Rapids na jihar Michigan ya fara zuba shi a ruwan famfo a watan Janairun 1945, garin Tiel na ƙasar Holan ya bi a 1953, kuma binciken Holan ɗin ya nuna cewa santsin gefen haƙori ya fi cin moriyarsa, tsagar sama kuwa kaɗan ta samu. Yayin da ruɓa ke ja da baya a ko'ina, kason da ke faruwa a tsaga sai ya ƙara fitowa fili.

Wanda ya taɓa tsayawa wajen mai faci ya ga rabin abin da Michael Buonocore ya gano. Mai faci ba ya shafa sholisho a kan santsin roba. Sai ya kankare wurin ya yi kaushi, ya goge, ya tabbatar ya bushe, sannan ya ɗora facin. Buonocore, wanda ya karanta ilmin sinadarai kafin ya zama likitan haƙori, yana aiki ne a cibiyar haƙori ta Eastman a Rochester, wadda George Eastman mai kamfanin Kodak ya gina don yaran garin. Ya san cewa a masana'antu ana wanke ƙarfe da asid ɗin fosforik kafin a yi masa fenti don fentin ya kama. A 1955 ya buga sakamakon gwada haka a kan ɓawon haƙori: ya shafa asid mai ƙarfin kashi 85 cikin 100 na daƙiƙa 30, ya ɗauraye, ya busar, ya ɗiga roba. Ɗigon da aka sa a haƙorin da bai sha asid ba ya faɗi cikin sa'o'i, na wanda ya sha kuwa ya yi makonni. Ɓawon haƙori kusan kashi 96 cikin 100 ma'adini ne, a jere kamar damin kara, kuma asid ba ya cin sa bai ɗaya, sai ya bar dubban ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Abin da ido ke gani shi ne wurin ya yi fari fat, ba ƙyalli, kamar an shafa alli. Danƙo mai ruwa yakan gangara cikin ramukan ya daskare, ya zama ya kafa saiwa. Sama da shekara goma takardar tana ajiye ba wanda ya damu da ita sosai, domin ba a sami danƙon da ya dace ba. Na farko da Buonocore da ɗalibinsa Eriberto Cueto suka gwada a bakin yara ɗan gidan gam ɗin nan ne mai kamawa nan take, kuma rahotonsu na 1967 ya nuna ruɓa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a shekara guda. Amma gam ɗin yana lalacewa a jiƙar baki, sai an riƙa sabunta shi. Rafael Bowen, mai bincike a Hukumar Ma'auni ta Ƙasa a Washington, ya fara da danƙon ifoksi, ya ga yana aiki a teburin gwaji amma ba ya daskarewa yadda ake so a cikin damshin baki, sai ya sake masa gini ya fito da Bis-GMA, wanda ya sami rajistarsa a 1962. Da shi Buonocore ya yi liƙin da ake daskararwa da haske a 1970, shekara ta gaba ya shiga kasuwa da sunan Nuva-Seal.

Mai musu zai ce, to ai ga shi nan da bakinka, asid da Bis-GMA ne suka buɗe ƙofa, yawu kuwa yana nan tun fil'azal, don haka labarin na sinadarai ne. Gaskiya ne ba don su ba da ba a yi ba. Amma a duba abin da ya kayar da kowane yunƙuri kafin su, simintin Wilson da gam ɗin Cueto da ifoksin Bowen, ruwa ne. Kuma sabon danƙon bai ci yawu da yaƙi ba, ƙara tsananta sharaɗin ya yi. Bis-GMA da ruwa ba sa ga maciji. Ɓawon da ya sha asid kuwa kamar busasshiyar ƙasa yake, abin da ya fara taɓa shi shi zai shanye, kuma yawu ba ruwa zalla ba ne, yana ɗauke da sinadaran furotin masu yauƙi da ke liƙe wa ma'adinin haƙori nan take. A 1985 Leon Silverstone da abokan aikinsa suka duba da madubin lantarki, suka ga cewa yawun da ya taɓa irin wannan ɓawo na daƙiƙa ɗaya kacal yana barin shimfiɗar da ɗauraya ba ta fitarwa. Abin da ya rage shi ne a sake shafa asid daga farko. Mugun abin shi ne liƙin da aka ɗora bisa gurɓataccen wuri yakan daskare ya yi kyau a ido, yaro ya tafi gida, uwa ta yi godiya, ba wanda ya san ba shi da saiwa.

Alƙaluman shekarun farko sun nuna faɗin tazarar. A gwajin da Herschel Horowitz ya jagoranta a makarantun Kalispell na jihar Montana, ƙasa da rabin liƙin ne ya rage cikakke bayan shekara biyar, ko da yake fitilar wancan zamani ma tana da nata rauni. Richard Simonsen kuwa, wanda ya liƙe turamen yara sau ɗaya tak ya bi su shekara goma sha biyar, ya ba da rahoto a 1991 cewa kusan kashi 28 cikin 100 suna nan cikakku, wasu kashi 35 da saura, kuma kashi 31 ne suka ruɓe ko aka cike, alhali a yaran da ba a yi wa ba abin ya kai kashi 83. Tsoron da ya fi hana likitoci karɓar liƙin shi ne kada a rufe ruɓar da ta riga ta fara, ta ci gaba da ci a ɓoye. Stanley Handelman na cibiyar Eastman ya amsa wannan a 1976, inda ya nuna cewa ƙwayoyin da aka rufe a kogo sun ragu kusan ninki dubu biyu cikin shekara biyu, don an yanke musu abinci. Eva Mertz-Fairhurst a Augusta ta jihar Georgia ta bi irin waɗannan haƙora shekara goma, ta ruwaito a 1998 cewa ruɓar ta tsaya cik. Taron masana na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka ya riga ya amince da liƙin tun Disambar 1983. Sai dai duk wannan kwanciyar hankali a kan sharaɗi guda take, cewa bakin liƙin ya kama ruf ba kafa. Idan gefe guda ya ɗaga, an buɗe wa ƙwayoyin taga. Tsoron tsofaffin likitocin ashe yana da tushe, sun dai ɗora laifin a kan dabarar, alhali wurin da yawu ya lasa ne.

Yana da kyau a kalli aikin kusa-kusa, domin a takarda ya fi sauƙi. Yaro ɗan shekara shida yana kwance, bakinsa ƙarami, harshensa kuwa ba ya jin magana, duk abin da ya shigo sai ya je ya gaishe shi. Don turmin ƙasa, ana sa naɗin auduga guda tsakanin haƙori da kumatu, wani tsakanin haƙori da harshe, a manna wani ɗan faifai mai tsotse ruwa a cikin kumatu inda ƙofar yawu take, bututun zuƙa yana ta huci a gefe. A shafa asid, wanda yanzu an rage shi zuwa kashi 35 zuwa 37 cikin 100, na daƙiƙa 15 zuwa 30. Sai a fesa ruwa a ɗauraye, kuma a nan gizo ke saƙar: ruwan ɗaurayar ya jiƙa audugar sharkaf, dole a sake ta ko a ɗora busasshiya a kai, a daidai lokacin da haƙorin ya fi kowane lokaci rauni ga yawu, kuma a daidai lokacin da yaron ya ji ɗanɗanon tsami yana son ya rufe baki ya haɗiye. Hannu ɗaya na riƙe da madubi yana tare harshe, ɗaya na riƙe da bututun iska. Wa zai ɗauko sabuwar auduga? Wannan tambaya ta fi sunan kamfanin da ya yi danƙon muhimmanci, kuma an auna amsarta. Susan Griffin da abokan aikinta a hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun tattara gwaje-gwaje a 2008, suka ga cewa inda mai aikin yake da mataimaki a gefensa, zaman liƙin ya ƙaru da kusan maki tara cikin ɗari.

Musu na biyu ya fi na farko kaifi. Idan bushewa ce komai, ai madatsar Barnum, wadda ba abin da ya kai ta tsare yawu, ya kamata ta yi wa auduga fintinkau. Amma Eidelman da Fuks da Chosack a Ƙudus sun gwada su biyun a 1983 ba su ga wani bambancin kirki ba, masu bincike a jami'ar Michigan ma suka sami haka a 1985. Wasu sun karanta wannan a matsayin shaidar cewa an cika zuzuta maganar yawu. Ni ina ganin sun karanta shi a juye. Gwajin bai kwatanta busasshen haƙori da jiƙaƙƙe ba, hanyoyi biyu na busarwa ya kwatanta a hannun ƙwararru, ya nuna cewa mai lura zai iya kaiwa ga bushewa ko da auduga. Albishir ne ga shirin makarantu, don madatsa tana buƙatar maƙalin ƙarfe da zai cije wuyan haƙori, turmin da bai gama fitowa ba kuwa ba shi da wuyan da za a kama sai an danna cikin dasashi, wato sai an yi allurar kashe zafi, abin da aka ce liƙi ya raba yaro da shi. Waɗannan masu binciken na Michigan, Dennison da Straffon da More, su ne kuma suka nuna a 1990 abin da ke faruwa idan bushewar ta gagara. Turamen da aka liƙe tun wani leɓen dasashi yana rufe da bayansu, fiye da rabi sai da aka sake musu aiki cikin shekara uku, waɗanda suka gama fitowa kuwa suka zauna lafiya. Ƙarƙashin wannan leɓe akwai ruwan da ke tsattsafowa wanda auduga ba ta isa wurinsa. Ga kuma inda matsalar ta yi ƙulli: turmin farko yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya kai tsayin 'yan'uwansa, a wannan tsakani ba ya gogayya da na sama, buroshi yana tsallake shi, ɓawonsa bai gama ƙwari ba. Lokacin da ya fi buƙatar liƙi shi ne lokacin da ya fi wuyar busarwa.

Amsar wannan ƙulli daga Landan ta fito, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun mai musu. Alan Wilson da Brian Kent, masana sinadarai a ɗakin binciken gwamnatin Birtaniya, sun haɗa garin gilashi da wani asid mai ruwa suka sami simintin da ke kama ma'adinin haƙori kai tsaye, yana kuma sakin fuloraid a hankali. Sun bayyana shi a farkon shekarun 1970, kuma a 1974 John McLean da Wilson suka gwada shi a tsaga. Da yake da ruwa aka kwaɓa shi, ɗan damshi ba ya kashe shi. A tsakiyar shekarun 1980 Jo Frencken, likita ɗan Holan da ke koyarwa a Dar es Salaam ta Tanzaniya, ya fara aikin cike haƙori da kayan hannu zalla inda ba lantarki ba inji, aka gwada tsarin a Khon Kaen ta ƙasar Tailan daga 1991, sannan a makarantun Zimbabuwe, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta gabatar da shi a ranar lafiya ta 7 ga Afrilun 1994. Simintin gilashi ya fi danƙo saurin ɓantarewa, wannan kowa ya yarda. Abin mamakin shi ne idan aka ƙirga ruɓa maimakon a ƙirga liƙin da ya rage, manyan nazarce-nazarce sun kasa nuna wanda ya fi wani a fili. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne ko saman ya tafi, guntunsa yakan zauna a can gindin tsagar, fuloraid ɗin da ya saki kuma ya ƙarfafa wurin. Dole a amsa cewa wannan ya rage wa maganar zaman liƙi ƙarfi a matsayin ma'auni guda tilo. Amma bai fitar da yawu daga labarin ba. Dalilin da ya sa ake zaɓar simintin gilashi ga turmin da bai gama fitowa ba, ko ga yaron da ba zai iya zama shiru ba, shi ne yawun. Kuma shi ma ba a cikin tafki ake sa shi ba. Ana tare wurin da naɗin auduga, a goge tsagar da ɗan curin auduga, a cusa simintin, sannan mai aikin ya shafa basilin a yatsarsa mai safar hannu ya danna na ɗan lokaci. Dannawar ce ke tura shi cikin tsaga, basilin ɗin kuma ya tsare shi daga yawu har ya yi ƙwari. A ɓangaren danƙo ma hanyar sulhu aka bi: Robert Feigal ya nuna a 1993 cewa idan aka fara shimfiɗa wani siririn gam mai jituwa da ruwa a ƙarƙashin liƙin, yakan zauna ko da yawu ya ɗan taɓa wurin.

Abin da liƙin danƙo ke iya yi idan an yi shi daidai ba ƙarami ba ne. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2017, wanda Anneli Ahovuo-Saloranta ta ƙasar Finlan ta jagoranta, ya tattara gwaji 38 a kan yara kusan dubu takwas, ya kuma ƙiyasta cewa inda kashi 40 cikin 100 na turamen da ba a liƙe ba za su ruɓe cikin shekara biyu, waɗanda aka liƙe kusan kashi 6 ne. Duk da haka, a Amurkar da aka ƙirƙiro shi, wani rahoto na 2016 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan shekara 6 zuwa 11 suke da shi, kuma 'ya'yan talakawa, waɗanda suka fi buƙata, su ne suka fi rashi. Danƙon kansa ba shi da tsada. Abin da ke da tsada kujera ce da injin iska da bututun zuƙa da lantarkin da zai tafiyar da su, da albashin mutum na biyu. Shi ya sa gwajin da Ivor Chestnutt na jami'ar Cardiff ya yi a yankin Wales ya ja hankali. An bi yara kusan dubu 'yan shekara shida zuwa bakwai a unguwannin marasa galihu, ana zuwa makarantunsu da motar asibiti, rabi aka liƙe musu turame, rabi ana shafa musu fentin fuloraid duk wata shida. Bayan shekara uku, a sakamakon da aka buga a 2017, kashi 19.6 cikin 100 na masu liƙi sun sami ruɓa, na masu fenti kashi 17.5, tazarar da ba ta isa a ce wani ya fi wani ba, kuma fentin ya fi araha. Gwaji guda ne, a kan yaran da ke goge baki da man fuloraid, don haka ba ya soke abin da aka tara a shekara hamsin. Amma mai tsara shirin makarantu da ba shi da tabbacin lantarki ko mataimaki yana da dalilin da zai sa ya fifita abin da ɗan damshi ba ya ɓatawa a kan liƙin da ya fi kyau a takarda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi wannan layi a 2021, lokacin da ta buɗe sashen kayan haƙori a jerin magungunanta na dole. Abubuwan da ta sa a lokacin su ne man goge baki mai fuloraid, da simintin gilashi, da wani ruwan azurfa haɗe da fuloraid wanda aka fara amfani da shi a Japan wajen 1970. Wannan na ƙarshe jikan ruwan Percy Howe ne, kuma ya gaji aibin kakansa, duk inda ruɓa take yakan mayar da wurin baƙi ƙirin. Ana goge haƙorin da auduga, a ɗiga masa da ɗan ƙaramin buroshi, a jira kamar minti guda.